Rufin Ɗaki a Ƙasar Zafi: Wane Kaya Ya Dace da Wane Gini?

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin kwano marar silin a Kano ko Sakkwato cikin watan Afrilu ba sai an yi masa dogon bayani kan muhimmancin rufi ba. Tun da hantsi ɗakin ke fara ɗaukar zafi, kafin azahar ya koma tanda, har bayan isha'i bango na huci. Sai a kwaso tabarmi a fito tsakar gida, samari su yi ƙofar gida, a kwana ana kokawa da sauro. Bayan 'yan makonni kuma hadarin farko ya haɗo daga gabas, iska ta riga ruwa isowa, da gari ya waye ka ga kwanon makarantar firamare a nannaɗe cikin gonar wani, katakon yana biye da shi. Zafin bazara da iskar farkon damina, da su ya kamata a auna kowane rufi a arewa. Amma je ka tsaya wurin masu sayar da kwano ka saurari ciniki. Launi ake tambaya, sai kuma nawa ne mita.

Ruwan da ke sauka a Kano a shekara bai cika wuce milimita 800 zuwa 900 ba, kuma kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba yake zuba. Fatakwal tana samun fiye da 2,000, Agadas kuwa da ƙyar take haura 150. Hankali ba zai ɗauka ba a ce rufi ɗaya ya dace da waɗannan garuruwa uku. Abin da ke damuna shi ne mun rungumi rufin da ke yi mana maganin ruwan wata huɗu, muka sallama masa kanmu ya gasa mu sauran shekara, alhali da ɗan ƙarin tunani, ba lalle da ƙarin kuɗi ba, ana iya samun sauƙin duka biyun.

Kakanninmu sun fahimci wannan sararin samaniya fiye da yadda muke zato. Rufin soro, wato azara da ƙasa, an tsara shi ne don rana. Magini zai jera azara a kan bango, ya shimfiɗa zana ko asabari ko kara, ya ɗora kwaɓaɓɓiyar ƙasa mai kauri, sannan ya shafe saman da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Masu hali kan yi laso, haɗin katsin marina da gashin jima da ruwan dafara, wanda idan ya kama sai ya yi tauri kamar siminti. A ɗan karkata saman, a kafa indararo ya riƙa tofar da ruwa nesa da gindin bango. Azara kuwa daga giginya ake faskaro ta, an fi son ta namiji saboda tauri, kuma gara ba ta cika iya mata ba. Rauninta ɗaya ne: idan tazarar ta wuce mita 2 ko kusa da haka, nauyin ƙasa kan lanƙwasa ta. Wannan ya sa ɗakunan kakanninmu suke ƙanana, kuma wannan ne ya haifi fasahar tauyi, wato azarar da ake gittawa a kusurwoyi, da bakan gizo da ɗaurin guga, wato bakunan azara da ƙasa masu tallafe rufi, don a faɗaɗa zaure ba tare da an cika shi da ginshiƙai ba. Wanda ya taɓa shiga tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a zamanin Sarki Abdulkarimu cikin shekarun 1830, ya ga inda wannan ilimi ya kai. A Nijar ma, masallacin garin Yama da ke jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya ci lambar yabo ta Aga Khan ta fannin gine-gine a 1986.

Sirrin sanyin soro kaurinsa ne. Zafin rana kan ɗauki sa'o'i da dama kafin ya ratsa ƙasar, don haka lokacin da waje ke ƙuna, ciki na nan da sanyinsa. Da hunturu kuma, sa'ad da dare ke sauka ƙasa da digiri 15, ɗumin da rufin ya tara da rana shi ke rufa wa masu ɗaki asiri. Ba zan ɓoye aibinsa ba. A tsakiyar bazara wannan zafin da ya tara da dare yake sakinsa, shi ya sa tun da can ake kwanan waje a wannan lokaci. Sannan rufi ne mai nauyi ƙwarai, kilo ɗaruruwa a kowane murabba'in mita, kuma idan ya sha ruwa nauyin ƙaruwa yake yi a daidai lokacin da bangon ƙasa ke laushi. Yana son yaɓe duk shekara kafin damina. Gidan da ya yi sake shekara biyu uku, ciyawa ta tsiro a kai, indararo ya toshe, to ruwan Agusta na kwana biyu a jere ya isa ya zaunar da shi. A watan Agustan 2023 wani sashe na masallacin Zariyar nan ya rufta ana tsaka da sallar la'asar, aka rasa rayuka, Allah Ya jiƙansu. A Satumban 2024 kuma tsohon masallacin Birnin Damagaram ya zube bayan ruwa mai yawa. Duk mai ƙaunar ginin gargajiya, ni ma ina cikinsu, dole ya yarda cewa rufin ƙasa amana ce da ke neman mai kula kowace shekara.

Akwai kuma wata matsalar da ba a cika faɗa ba: azarar kanta ta yi wuya. Giginya ba darbejiya ba ce da za ka dasa bana ka sha inuwa nan da shekara uku. Wadda za ta ba da azara mai kyau, sau da yawa wanda ya dasa ta ba shi ke sare ta ba. An sare da yawa ba a mayar ba, har sai da aka sa dokoki kan kurmin giginya na yankin Gaya a Nijar. Yau abin da ake sayarwa da sunan azara a wasu kasuwanni ɗanye ne, daga ƙananan itatuwa, ba zai yi ƙarkon na da ba.

Jinka ba zan daɗe a kanta ba. Babu rufin da ya fi ta sanyi, domin ciyawa ba ta riƙe zafi kuma iska na ratsa ta. Ta dace da rumbu da rumfar hutawa da bukkar gona da rugar makiyayi. Amma sai an sake baibaya bayan 'yan shekaru, kuma tartsatsi ɗaya da hunturu ya isa ya cinye unguwa. A cikin gari mai cunkoso ba shawara ba ce.

To, sai kwano. A Landan aka fara lanƙwasa ƙarfe ana yi masa tudu da kwari don rufi, wajen 1829, dabarar wani injiniya Henry Palmer. Jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 ya sauƙaƙa shigowarsa arewa, aka fara ganinsa a tashoshi da kantunan 'yan kasuwar Turai da Sabon Gari, amma bai mamaye unguwannin cikin birni da ƙauyuka ba sai da kuɗin mai suka shigo a shekarun 1970. Kuma mutanenmu ba wauta suka yi da suka karɓe shi ba. Ba ya son yaɓe, kafinta na gama shi cikin kwana ɗaya biyu, ba shi da nauyi, yana ba da damar ɗaki mai faɗi, kuma uwa na iya barci cikin ruwan Agusta ba tare da tana kallon azara gabanta na faɗuwa ba. A ƙauye, ranar da magidanci ya buga kwano rana ce ta alfahari.

Sai dai kalmar kwano ta haɗe abubuwa da yawa da ba ɗaya suke ba. Akwai gama-garin nan da ake saya bandir-bandir, falle 20 a ɗauri, wanda ƙarfe ne aka shafa wa tutiya don kada ya yi tsatsa. Ƙarkonsa ya dogara ne kan kaurin ƙarfen da yawan tutiyar. Tsofaffin kwanonin da ke kan gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa sun shekara gomiya-gomiya suna nan, amma akwai na yanzu da za ka iya naɗe shi da hannu kamar takarda, damina huɗu biyar ya fara huda. Akwai wanda aka shafa wa haɗin alminiyam da tutiya, kashi 55 cikin 100 alminiyam, ya fi na farko jure tsatsa sosai. Sai dogon kwanon alminiyam zalla da ake yanka maka daidai tsawon rufinka, ana sayar da shi da kauri daban-daban, 0.45 da 0.55 da 0.7 na milimita su ne aka fi ji. Ba ya tsatsa, shi ya sa ya fi dacewa da garuruwan bakin teku irin su Legas da Kwatano inda gishirin iska ke cin ƙarfe. Mu a arewa iskarmu busasshiya ce, ƙarfe mai kyakkyawan shafi kan daɗe, don haka ba dole ba ne talaka ya ci bashi don alminiyam.

A nan ne ake cutar mutane da yawa. Ido ba ya bambanta 0.45 da 0.35. Ka biya kuɗin mai kauri, a kawo maka siriri, kafinta ya taka shi ya loɓa, kai ba ka sani ba sai iska ta yage shi daga kan ƙusa. Akwai ɗan ƙaramin ma'aunin kauri da ake matse bakin kwano da shi, masu sayarwa na kirki suna da shi kuma ba sa jin haushi idan ka ce a auna a gabanka. Wanda ya ɓata rai don ka nemi awo, ya riga ya gaya maka abin da kake son sani. A auna kuma ranar da aka sauke kaya a wurin aiki, ba samfurin da ke kan tebur kaɗai ba. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaidar inganci ba ce.

Alminiyam yana da halinsa da kafinta ya kamata ya sani. Yana miƙewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe. Falle mai tsawon mita 10, idan zafinsa ya tashi da digiri 40 tsakanin asuba da azahar, yana ƙara kusan milimita 9, da dare ya koma. Ƙarar nan da ake ji ƙas-ƙas a rufi da rana, ita ce. Wannan kai da kawowa kullum shi ke faɗaɗa ramin ƙusa har ɗiga ta fara, don haka ake son ƙusa ko sukuru mai roba a wuya, a buga a kan tudun kwano ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Ɗanyen siminti kuma yana cin alminiyam, saboda haka inda kwano zai shiga bango ana so a shafa kwalta tsakaninsu.

Kwano mai tsakuwa da ya zama abin yayi a sababbin unguwanni, wanda kowa ke kira Gerard ko da ba na wannan kamfanin ba ne, asalinsa daga ƙasar Niyu Zilan ne. Ƙarfe ne aka manna wa ɓarzajjen dutse. Yana rage ƙarar ruwa ƙwarai, yana da kyan gani, na gasken yana ƙarko. Amma yana cin katako da yawa domin fallayen gajeru ne, yana son gangara mai kyau, na jabun kuma tsakuwarsa kan bi ruwa ta taru a kwata cikin shekaru kaɗan. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne launin da ake zaɓa: baƙi, ruwan toka mai duhu, ruwan ƙasa mai duhu. A garin da zafin inuwa ke haura digiri 40! Kwano mai duhu kan wuce digiri 70 da tsakar rana, fari ko mai haske kan yi ƙasa da haka da digiri 20 ko fiye. Kowa ya san abin da ya sa ba a son baƙar riga a bazara, amma mun sa wa gidajenmu baƙar hula, sannan mu sayi na'urar sanyaya ɗaki da janareto su yi ta yaƙi da zafin da muka gayyato da kuɗinmu. A birnin Ahmedabad na Indiya, bayan zafin Mayun 2010 ya hallaka mutane fiye da 1,000, hukumar gari ta fito da shirin kariya daga zafi a 2013, daga baya ta shiga shafa wa rufin gidajen talakawa farar ƙasa da farin fenti. Wannan dabara ba ta fi ƙarfin kowace ƙaramar hukuma a Borno ko Yobe ko Zamfara ba. Ƙurar hunturu za ta dusashe farin, gaskiya ne, amma ruwan farko na wanke yawancinta, kuma ko dusasshen fari ya fi baƙi.

Yanzu bari in zo kan abin da nake ganin shi ne zuciyar zancen. Abin da ke ƙarƙashin kwano ya fi kwanon kansa tasiri a rayuwar mai ɗaki. Kwano siririn abu ne, da zarar rana ta dake shi sai ya juyo da zafin ƙasa kamar murhu a kife. Abin da ke tsare wannan zafi shi ne silin, da kuma hanyar da iskar da ta yi zafi tsakanin silin da kwano za ta fita. Yawancin gidajenmu an toshe wannan wuri ruf, iska mai zafi ta taru ba mafita, har silin ɗin kansa ya gasu ya fara sakin zafi cikin ɗaki. Ƙananan kafofi a ƙarƙashin bakin rufi da wasu a sama kusa da tsororuwa sun isa su sa iskar ta riƙa zagayawa. A sa musu raga mai ƙananan ido, don sauro ta tsakanin bango da rufi ya fi shigowa ɗaki, haka ma jemagu da ɓeraye. Wanda ke da hali ya shimfiɗa takardar alminiyam mai ƙyalli ko abin tare zafi a ƙarƙashin kwano tun ranar bugawa, domin bayan an rufe aikin ya ninka. Wanda ba shi da hali, ko asabari ko zana ya ɗaure a ƙarƙashi, zai ji bambanci a daren farko. Wajen zaɓen silin, fi-o-fi, wato farin silin na filasta, ba ya cin wuta amma ɗiga kaɗan na ɓata shi. Na roba ruwa ba ya damunsa, sai dai idan gobara ta tashi narkewa yake yana ɗigowa da hayaƙi mai guba, don haka ban so a sa shi a kicin ko shagon da ke cikin kasuwa.

Wannan tunani na rufi biyu da iska a tsakani shi ne ya fito da sunan Francis Kéré na Burkina Faso. Makarantar firamare da ya gina a ƙauyensu Gando a 2001, ya yi mata silin na tubalin ƙasa, ya ɗaga kwano sama da shi a kan siraran rodi, ya bar bakin kwanon ya zarce bango sosai. Kwano na tare ruwa da rana, ƙasa na tare zafi, iska na wucewa tsakani. Aikin ya ci lambar Aga Khan a 2004, shi kuma ya karɓi Pritzker, babbar lambar masu zanen gine-gine ta duniya, a 2022. Yanayin Gando bai yi nisa da namu na arewa ba. Duk lokacin da na ga ajin yara sittin ƙarƙashin kwano tsirara, malami na fama da masu gyangyaɗi tun ƙarfe sha ɗaya, in ruwa ya sauko kuma ba mai jin muryar wani, sai in tuna cewa maganin abin nan an riga an gwada shi a maƙwabta. A Nijar kuwa tun shekarun 1980 ake koyar da magina ginin da ba katako, inda ake rufe ɗaki da tubalin ƙasa zalla a siffar baka ko ƙubba, ba azara ba kwano. Ya dace da wuraren da ruwa bai yi yawa ba, muddin an kula da shafen saman.

Batun iska kuma, mutane da yawa na zaton tura rufi take yi. A'a, tsotsarsa take yi sama. Idan ta bi ta kan kwano da gudu sai ta ɗaga shi, in ta samu ƙofa ko taga a buɗe ta shiga ta tura daga ciki, ƙarfi biyu su haɗu. Gefuna da kusurwoyi ne suka fi shan wahala, daga nan yayewa ke farawa. Shi ya sa rufin da ya tashi sau da yawa za ka tarar kwanon na manne da katakonsa lafiya lau, abin da ya rabu shi ne katako da bango. Maganin ba tsada: a binne rodi ko langa-langa cikin kankaren linta tun ana zubawa, a naɗe shi a kan katakon da ke kwance bisa bango. A matso da layukan katako kusa da juna, santimita 60 zuwa 90 ga siririn kwano, a ƙara yawan ƙusa a gefuna. Duwatsu da tsofaffin tayoyin da ake jerawa a kan kwano shaida ce cewa an tsallake wannan mataki, kuma ranar da iska ta fi ƙarfinsu su ma makamai suke zama.

Na taɓa tsayawa a kan aikin wani ɗan'uwa, kafinta ya kawo katako ɗanye shar, kana tsaga shi da farce ruwa na fita. Da na yi magana ya ce, "Haba Malam, ai a sama zai bushe." Zai bushe ɗin, amma yana bushewa yana murɗewa yana sakin ƙusa. Muka sa aka jingine shi a inuwa, aka shafe shi da maganin gara kafin a ɗora. Gara ba ta raina tsayin gini, ta cikin bango take hawa, kuma ba ka ganin aikinta sai rufi ya fara lotsawa. Mai iko ya yi ƙwarangwal ɗin da ƙarfe, musamman masallaci ko ɗakin taro mai faɗi, amma ya tabbata walda ta kama kuma an yi fentin tsatsa.

Siffar rufi ma kuɗi ce. Dogayen rufin nan masu tsini da ake yayi, asalinsu na ƙasashen dusar ƙanƙara ne da na ruwa mai yawa. Gida mai faɗin murabba'in mita 200, idan aka yi masa gangara ta digiri 15, kwanon kusan murabba'in mita 207 zai ci. Idan aka miƙe shi digiri 45, zai ci wajen 283, ban da ƙarin katako, kuma ya tare iska kamar bango. Kowane kwari da lungu da aka ƙara don ado wata ƙofa ce ta yoyo. A ɗaya gefen kuma akwai rufin ɓoye, inda ake ɗaga rawanin bango ya rufe kwano. Wannan ya yi kama da soron gargajiya, yana kare kwano daga iska, kuma ya fi araha. Haɗarinsa kwatar da ke bayan rawanin. Milimita ɗaya ta ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ruwan milimita 50 da kan zubo cikin sa'a ɗaya ko biyu a Agusta, a rufi mai murabba'in mita 100, lita 5,000 ke nan. Idan bututu biyu ƙanana aka bar masa, leda da ganyen darbejiya suka toshe ɗaya, ruwan baya zai koma ya bi silin. A faɗaɗa kwatar, a yi mata gangara da shafen kwalta, a bar wata kafa ta ko-ta-kwana sama da bututun. Wannan lissafin kuma yana da fuska mai daɗi: rufin nan a shekarar milimita 800 yana karɓar lita 80,000, fiye da jarka 3,000 irin ta 'yan garuwa. A bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsu, sauran a tara a tanki.

Dekin, wato rufin kankare, shi ne soron zamani, ya gaji alherinsa da sharrinsa. Iska ba ta ɗaga shi, wuta ba ta cinsa da sauri, shi ya sa ya fi dacewa da shagunan kasuwa, ga shi yana ba da damar ɗora bene ko tanki ko faifan sola. Amma kankare mai kaurin santimita 15 yana da nauyin kilo 360 a kowane murabba'in mita. Ɗaki mai mita 4 faɗi 4 tsawo, kusan tan 6 ke nan a kansa. Harsashin da aka haƙa don kwano ba zai ɗauki wannan ba, kuma yawan ruftawar gine-gine daga nan take tasowa: gida na ƙasa ɗaya, bulo mai yashi da yawa, a wayi gari an zuba masa dekin an ɗora bene ba tare da injiniya ya duba ba. Wannan ba wurin dogaro da "haka muka saba yi" ba ne. Girman rodi da tazararsa lissafi ne. Bayan zubawa kuma a yi ta ba shi ruwa aƙalla mako guda, musamman da hunturu da iska ke shanye danshi, kada a yi gaggawar cire tokare, domin kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa. A ba saman gangara tun farko, don ruwan da ya kwanta shi ke neman tsaga, ya kai ga rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa kankaren daga ciki. Kuma ɗakin da ke ƙarƙashin dekin tsirara, zafinsa na dare a bazara ya fi na kwano muni, domin kwano na hucewa bayan magariba, kankare kuwa har asuba. Farin fenti, ko rumfar kwano da aka ɗaga a kansa, ko faifan sola da ke yi masa inuwa, kowanne na sauƙaƙa wannan.

Akwai rufin da nake roƙon a yi taka-tsantsan da shi, wato tsohon asbesto da ke kan makarantu da barikoki da gidajen gwamnati na shekarun baya, har da farin silin mai murabba'i na wancan zamani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa ƙurarsa na haddasa sankarar huhu da ta fatar da ke lulluɓe da huhu, ciwon kuma kan ɓoye shekara 20 zuwa 40 kafin ya bayyana. Ƙasashe fiye da 50 sun haramta shi. Muddin yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba, haɗarin kaɗan ne. Matsalar ranar sauke shi ce, lokacin da leburori ke jefo shi ƙasa yana farfashewa, ba kowa da abin rufe hanci, yara na kwasar gutsattsarin suna wasa, a ƙarshe a zuba ɓaraguzan a cike ramin layi motoci su niƙe. A jiƙa shi da ruwa, a kwance ƙusa, a sauko da shi falle-falle ba fasawa, kada a sa masa zarto ko injin yanka, a binne shi inda ba za a tono ba. Akwai fallayen siminti na yanzu da ba asbesto a cikinsu, ba sa ɗaukar zafi da ƙara kamar ƙarfe, kuma suna da kyau ga ɗakin kaji, inda zafin Afrilu ke kashe ɗaruruwa a yini ɗaya, iskar kashinsu kuma ke cin kwanon ƙarfe daga ciki. A tambayi mai sayarwa a tabbatar kafin a saya.

Idan magidanci mai ɗaki biyu da falo ya zo ya ce mini kuɗinsa ƙididdigaggu ne, ga yadda zan raba masa. Ya haƙura da mai tsakuwa da dogon tsini. Ya sayi kwano mai haske, mai kaurin gaske da aka auna a gabansa, ya yi rufi mai sauƙi marar lunguna, bakinsa ya zarce bango ya yi masa inuwa, musamman ta gabas inda ruwa ke duka da ta yamma inda ranar la'asar ke gasawa. Ya ɗaga bango ya ƙara layin bulo ɗaya ko biyu. Rarar da ya samu ta tafi kan busasshen katako da maganin gara da ɗaurin linta da silin da kafofin iska masu raga. Sannan kowace shekara cikin Maris ko farkon Afrilu, kafin a fara jin ƙamshin hadari, ya sa tsani ya hau da sassafe kwano bai yi zafi ba, ya bi layin ƙusa yana taka inda katako yake, ya danne waɗanda suka ɗago, ya duba murfin tsororuwa, ya kwashe ledar da ke cikin kwata.